Karen 'yan sanda ya yi ritaya, zan iya kai shi gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan sanda ne a sashen karnuka, shekara 7 ina aiki da kare ɗaya, yanzu ya tsufa ƙugunsa ya fara ciwo an ce za a sallame shi, oga ya ce in ina so in ɗauka. Wallahi tausayi yake ba ni. Gidana yana bayan gari nan Katsina ta hanyar Jibiya, sau biyu ɓarayi na haura mana katanga ina wurin aiki. Abokina ya ce haramun ne ladana zai riƙa raguwa kullum, maiɗakina kuma tsoro take ji.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa ka cika tambayarka da maganar tausayi, sai ka jefo zancen ɓarayi a ƙarshe kamar ba komai ba, alhali a nan hukuncin yake. Shari'a ba ta duba muƙamin da kare ya riƙe a gidan gwamnati, buƙatar wanda zai ajiye shi take dubawa. Gida a bayan gari, maigida yana kwana a bakin aiki, an haura katanga har sau biyu, to ya halatta ka ajiye shi da niyyar gadi. Amma fa ka tambayi kanka tsakani da Allah, wanga kare zai yi gadin? Don wasu karnukan naku sansano ƙwaya ko bam kawai aka koya masu, baƙo ya shigo sai su kaɗa mashi wutsiya. In yana haushi in ya ji motsi da dare ya wadatar, ba sai ya yi gudu ba. In ko haushin ba ya yi, ka nema mashi mai gona ko mai garke da zai riƙe shi da amana.

Aikin da ka yi da shi a baya halal ne, wannan ba sai an ja ba.

Abokinka hadisin ƙiraɗi yake nufi, wato wanda ya ce mai ajiye kare ana rage mashi ƙiraɗi, wani ma'auni na lada, kullum, kuma hadisi ne ingantacce, an togace karen farauta da na dabbobi da na gona. Akwai malaman da suka tsaya a kan ukun nan suka ce gadin gida ba ya ciki tunda ba a ambace shi ba, har a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce kada a ajiye kare a cikin gidaje. Ina girmama su amma maganar ba ta zauna mani ba. Me ya sa aka halatta karen garke? Don kada kura ko ɓarawo su ɗauki tunkiya. To yanzu a ce an yarda ka tsare tunkiya da gero amma ba a yarda ka tsare matarka da 'ya'yanka ba, wannan wane irin fiƙihu ne? Ukun nan su ne buƙatun mutane a lokacin, dalilin kuwa ɗaya ne, tsare dukiya da neman abinci. Shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, masu sharhi sun kawo cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce mashi ai Imam Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski zamaninmu zaki ma zai ajiye. Imam Nawawi shi ma ya rinjayar da halaccin gadin gida ta hanyar ƙiyasi, wato kwatanta shi da ukun nan. Masu cewa ai cikin gari akwai jami'an tsaro ba buƙata, to ga jami'in tsaron nan da kansa an haura mashi gida.

Najasa kuwa, a wurinmu Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, in ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai don bin umarni.

Sai dai ka ji. Kare dukiyar gwamnati ne, maganar baka ta oga ba ta isa ba, ka karɓi takarda. Ka yi mashi ɗaki a can gefen gida da inuwa da ruwa, ba falo ba, ba inda ake salla ba, mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da kare yake. Da rana a killace shi, don almajiri zai shigo zaure da robarsa yana bara bai san da shi ba, in ya cije shi kai ke da alhaki kai za ka biya. Allurar ciwon haukan kare kada ta wuce lokacinta. Kuma ka yi lissafin aljihunka tun yanzu, karen da ya saba da abincin gwamnati da likita ba zai rayu da ƙanzo ba, in za ka kawo shi ka bar shi da yunwa ɗaure a rana gara kada ka ɗauko, ka san abin da ya sami matar da ta kulle kyanwa.

Tausayin naka ban raina shi ba, an gafarta ma wani saboda ya shayar da kare. Ko a Amurka sai a 2000 aka yi dokar ba da karnukan soja ga masu riƙo in sun gama aiki, kafin nan da yawa allura ake masu su mutu.

Maiɗakinka kuma kada ka yi mata dole, ita za ta wuni da shi kana wurin aiki. Ka kai ta ta gan shi tukuna, in tsoron bai tafi ba a nemi wata dabara. Wallahu a'alam.