Oecusse: yankin Timor ta Gabas da ke tsakiyar ƙasar Indonesiya

Malam, ka ce ka ga wani ɗan yanki a taswira mai launin Timor ta Gabas amma yana zaune a ɓangaren Indonesiya, kana tambaya ko kuskuren masu zane ne, kuma wa ke mulkinsa. Taswirarka daidai take. Sunan wurin Oecusse, wasu kan ce Oecusse-Ambeno.

Yana bakin tekun arewa na yammacin tsibirin Timor. Tekun Savu ne a arewacinsa, sauran ɓangarori ukun kuwa lardin Nusa Tenggara Timur na Indonesiya ne ya zagaye shi. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 800, ƙidayar 2015 kuma ta samu mutum kusan 69,000. Babban garin shi ne Pante Macassar. Yawancin ƙasar tsaunuka ne masu bushewa ƙayau da rani, sai kwarin kogin Tono inda ake noman shinkafa. Mutanen kan tudu masara da rogo da kiwon shanu suka dogara da su. Da damina Tono kan cika ya raba yankin biyu, shi ya sa gadar Noefefan da aka buɗe a 2017 ta zama babban abu a wurinsu.

Asalin rabuwar na cikin tarihi. A Lifau, kusa da Pante Macassar, Turawan Fotugal suka fara kafa ƙafa a Timor cikin ƙarni na 16, suna neman itacen sandal mai ƙamshi, limaman Katolika na ɗariƙar Dominikan kuma suka biyo baya. Sai dai ainihin ƙarfi ya daɗe a hannun Topasses, wato ruwa-biyun Fotugal da 'yan ƙasa, ƙarƙashin gidaje biyu, Hornay da da Costa. Sun matsa wa gwamnan Fotugal lamba har a 1769 ya tattara ya bar Lifau ya koma Dili, babban birnin Timor ta Gabas a yau. Duk da haka sarakunan yankin ba su sauke tutar Fotugal ba, alhali maƙwabtansu sun shiga hannun Holan. Da ƙasashen biyu suka zauna rabon tsibirin a yarjejeniyar Lisbon ta 1859 da wata ta 1904, aka bar Oecusse wa Fotugal, gardamar layin iyaka kuma sai da ta kai kotun sasanci ta Hague a 1914.

Abin da masu karatu da yawa ke tsallakewa shi ne wannan iyaka ta ratsa tsakiyar al'umma guda. Mutanen Oecusse Atoni ne, harshensu Baikeno, reshe ne na Uab Meto da ake yi a ƙetaren iyakar. Ana auratayya, ana zuwa wa juna biki da jana'iza. Tetun da Fotugis su ne harsunan hukuma, amma a ƙauyukan tudu sai ka tarar da dattijon da ba ya jin ko ɗaya, kuma wanda ya je aikin lafiya ko na gona ba tafinta zai yi ta magana ana gyaɗa masa kai kawai. Kusan kowa Katolika ne, tare da riƙo da al'adun kakanni sosai.

Indonesiya ta mamaye yankin a ƙarshen 1975, ta bar shi cikin lardin Timor Timur, wato sunan da ta ba Timor ta Gabas. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 30 ga Agustan 1999, inda kashi 78.5 cikin ɗari na 'yan ƙasar suka zaɓi 'yanci, 'yan bangar Sakunar masu goyon bayan Indonesiya sun ƙone gidaje sun karkashe mutane, mafi muni a wajen Passabe cikin watan Satumba. Dakarun ƙasa da ƙasa ba su iso ba sai a ƙarshen Oktoba, wata guda bayan saukarsu Dili. Wannan jinkiri ya ci rayuka, kuma a ganina shi ne ya fi nuna abin da nisa ke jawo wa yankin.

Batun mulki kuwa, tsarin mulkin 2002 ya tanadar wa Oecusse kulawa ta musamman. Dokar 2014 ta mai da shi yanki na musamman, RAEOA a taƙaice, da hukumarsa da kasafinsa, aka kuma haɗa masa shirin tattalin arziki mai suna ZEESM. Gwamnatin Dili ce ke naɗa shugaban hukumar, na farko shi ne tsohon firaminista Mari Alkatiri. Ƙarƙashinta akwai gundumomi 4: Pante Macassar, Nitibe, Oesilo da Passabe. Su kuma sun kasu zuwa ƙananan yankuna da ake kira suco, kowane suco da unguwanninsa da ake kira aldeia. Shugaban suco kamar dagaci yake, sai dai zaɓensa ake yi, na aldeia kuma kamar mai unguwa. Rikicin gona, ɓarnar shanu, shaidar zama ɗan gari, duk a nan ake farawa. Mai aiki da ya ɗauko takarda daga Pante Macassar ya wuce kai tsaye gona bai gaisa da shugaban suco da dattawan gargajiya ba, aikinsa kan tsaya cik, domin ƙasar noma da maɓuɓɓugan ruwa da yawa a hannun dangi suke. An zuba kuɗi a hanyoyi da tashar lantarki da filin jirgin sama da aka buɗe a 2019, amma mafi yawa a bakin teku, ƙauyukan tudu kuwa har yanzu ruwan sha na ba su wuya da rani. Akwai kuma Naktuka a yamma, inda aka daɗe ana jayayya da Indonesiya kan layin iyaka.

In tafiya kake tunani, hanya uku ce daga Dili: jirgin ruwa na kusan rabin yini ko dare guda, ƙaramin jirgin sama, ko mota. Ta mota za ka fita a Batugade, ka ratsa Indonesiya kusan kilomita 70, ka shiga ta Wini zuwa Sakato. Hatimi huɗu ke nan a fasfo, don haka bizar Timor ta Gabas ta shiga sau ɗaya ta ƙone tun a ƙofar farko. Ka riƙe dalar Amurka a hannu, ƙananan takardu, domin ita ce kuɗin ƙasar.