An daki motata daga baya, wa zai biya kuɗin gyara?

Tambaya: Wani mai Camry ya daki motata daga baya a titin Zariya, a Kano. Bamba ta tsage, but ya lotsa, fitila ɗaya ta fashe. Ni da shi duk ƙaramar inshorar nan ta dole muke da ita. Mai gyara ya ce in kawo ya fara bugu. Wa zai biya?

Amsa: Allah Ya kiyaye gaba, Malam. Ka dakatar da mai gyara tukuna. Da zarar guduma ta taɓa but ɗin nan, ka shafe hujjarka da hannunka.

Taka inshorar ba za ta gyara maka mota ba, domin an yi ta ne don ɓarnar da kai ka yi wa wani. Ta mai Camry ce za ta biya ka. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, tana kuma biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Sai dai ka fara sa lambar motarsa a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya da ke intanet, ka gani ko takardar ta gaske ce. Sau da yawa a nan rigima ke faɗowa: mutum ya sayi takarda hannun 'yan tsaye a bakin ofishin lasin, ashe ba kamfanin da ya san da ita.

In ta gaske ce, shi zai sanar da kamfaninsa, kuma da wuri. Kai ka tanadi hotuna, rahoton 'yan sanda da rubutaccen kiyasin mai gyara. Kamfanin ne zai turo mai kimanta ɓarna.

Kafin a rubuta kiyasin, a ɗaga shimfiɗar but a duba ramin safaya. Can ne dukan baya yake ɓoye muguntarsa. In ƙarfen ya lanƙwashe aka bar shi, murfin ba zai zauna daidai ba, damina na zuwa ka tarar da ruwa kwance ƙarƙashin taya. Farashin fitila kuwa ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka ji da kunnenka, a kuma rubuta ko sabuwa ce ko 'yar Beljiyam.

Kada ka sa hannu a takardar sallama, wato shaidar cewa kamfanin ya gama biyanka, sai kuɗin da aka rubuta ya ishi gyaran. In aka yi ta ja maka rai, kai ƙorafi NAICOM.