Na ci bashin manhaja, sun tura wa surukaina saƙo wai ni ɓarauniya ce

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto min cewa ta ranci dubu 30 a wata manhajar bashi ta waya, ta makara kwana 5 bata biya ba, sai kawai saƙo ya fara shiga wayoyin mutanenta har da uwar mijinta, da hotonta an rubuta wai ɓarauniya ce ana nemanta. Tana tambaya ko za su iya sa a kama ta, kuma ko tana da wani haƙƙi tunda ita ce ta ci bashin.

Malama ki kwantar da hankalinki, Allah ya kawo sauƙi. Bashin daban, cin mutuncin daban. Kuɗin da kika karɓa yana kanki kuma ki biya, amma wallahi babu dokar Najeriya da ta ba wani damar tozarta ki a gaban dangi saboda kin makara.

Maganar kamu tukunna tunda ita tafi tsorata ki. Bashi ba laifi bane, shari'ar farar hula ce tsakaninki da su, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta hana a kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. In suna son kuɗinsu kotu za su je, to yawancinsu ma basa zuwa.

Yadda abin ke aiki shine ranar da kika sauke manhajar kika danna amincewa, ta kwashe lambobin wayarki da hotuna, kwamfuta ce ke duba su ta yanke nawa za a baki, ranar biya na wucewa kuma sau da yawa ita ce ke watsa saƙonnin ba tare da wani mutum ya zauna ya duba halin da kike ciki ba. Za su ce ai kin amince. To surukarki ita ta amince? Bata ci bashi ba, bata tsaya miki ba, bata ba kowa lambarta ba. Nan ne hujjarsu ke faɗuwa, don dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ce bayanan da aka karɓa don wata manufa ba a juya su zuwa wata daban, sashe na 37 na dokar ya kuma baki damar ƙin yarda na'ura kaɗai ta yanke hukuncin da zai taɓa ki sosai, ki nemi mutum ya duba. Tsarin mulki ma sashe na 37 ya kare sirrin wayarki. Tun 2021 NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta taɓa cin wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 kan irin wannan, Google kuma tun 2023 ya hana manhajojin bashi na Play Store shiga lambobi da hotunan mutane.

Abinda za ki yi yau, kar ki goge komai. Ki ɗau sikirinshot na kowane saƙo da lambar da ta turo da ranar, ki roƙi waɗanda aka tura wa su ma su turo miki nasu, nasan akwai kunya musamman wajen surukai amma shaidar nan ita ce ƙarfinki gaba ɗaya. Sai ki shiga saitin waya ki cire wa manhajar izini. Ki rubuta musu ta imel cewa kin janye amincewarki, su daina tuntuɓar mutanenki, ki faɗi ranar da za ki biya, kuma ta banki za ki biya ki ajiye rasit.

Daga nan ki kai ƙorafi NDPC, hukumar kare bayanai, da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda ke yi wa waɗannan manhajojin rajista kuma take sa a cire masu karya doka daga Play Store. Ba sai da lauya ba. In kina son diyya ko a tilasta musu janye ƙazafin, wannan sai babbar kotu, ƙarar ɓata suna da take haƙƙi, sai dai gaskiya tana cin lokaci da kuɗi, kuma wasu kamfanonin ko adireshin kirki basu da shi, shi yasa nake cewa ki fara da hukumomin.

Roƙona ɗaya, kar ki ranto a wata manhajar don ki biya wannan. Ki turo min sunan manhajar da sikirinshot ɗin in duba ko tana da rajista.