Shin "biyo bayan" da "sakamakon" abu ɗaya ne?

Tambaya: Malam, ina fassara labarai a wani gidan rediyo. Edita ya yi mini faɗa don na sa "sakamakon" inda Turancin ya ce following. Ni kuwa na ga a harsuna da yawa kalmar "bi" ce ke ba da ma'anar sakamako. Ina tsoron kada aikin ya kuɓuce mini. Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, amma editanki ya yi gaskiya.

Abin da kika lura da shi haka yake. A Latin sequi na nufin bi, daga nan Turanci ya samo consequence, wato sakamako. A Jamusanci Folge sakamako ce, ita ce kuma kashi guda na shirin talabijin mai ci gaba. Larabawa sun ciro aƙiba, wato abin da ya biyo baya ko sakamako, daga aƙib, wato diddige. Hausa ba ta bi ta nan ba. Sakamako daga "saka wa" ya fito, ɗan'uwan sakayya ne, don haka duk inda kika sa shi kin ɗora alhaki a kan wani abu.

Nan ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Mutane sun ɗauka duk abin da ya biyo baya, na gaban ne ya haifar da shi. Majiya ta ce yaro ya rasu bayan an yi masa allurar rigakafi, mai fassara ya karanta wa miliyoyin masu sauraro cewa ya rasu sakamakon allurar. Wa ya tabbatar? Likita ya duba shi? Ko zazzaɓin cizon sauro ne da ya kwana biyu a jikinsa? Kafin magariba maganar ta zagaye WhatsApp, masu tallan magani da lasifika a bakin kasuwa sun samu abin faɗa, uwa kuma ta kulle ƙofa in ma'aikatan lafiya sun yi sallama. Mun ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, har cutar ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Duk da haka har yau ana wannan sakaci don kawai "sakamakon" ta fi daɗin faɗa a makirufo.

In majiyarki ba ta faɗi sanadi ƙarara ba, ki rubuta "bayan". In ta faɗa, ki ambaci wanda ya faɗa: likita ne, 'yan sanda ne, ko dangin mamacin.