Jel ɗin man tsirrai: me "an gwada" yake nufi ga mai saye?

Tambaya: Na ga wani jel a kantin magani wanda aka haɗa da man darbejiya da na kanumfari, an rubuta a jikinsa cewa an gwada shi yana kashe ƙwayoyin cuta. Ya fi maganin ƙurajen fuskar da na saba saye tsada. Ko ya cancanci kuɗinsa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, da farko ki san irin gwajin da galibi ake nufi. A ɗakin bincike ana zuba abincin bakteriya a faranti, a shafa ƙwayar Staphylococcus aureus ko E. coli a kai, a huda 'yan ramuka a cika su da jel ɗin, sannan a ajiye cikin ɗumin digiri 37 har kusan awa 24. Washegari sai a auna da milimita faɗin zagayen da ƙwayoyin suka kasa tsirowa a bakin kowane rami. Man kanumfari yakan nuna ƙarfi a nan saboda sinadarin yujinol da ke cikinsa. To amma faranti ba ya gumi, ba shi da maiƙo, kuma ƙwayar da ke da hannu a ƙurajen fuska, wato Cutibacterium acnes, dabam take, tana zaune ne can cikin ramukan gashi inda iska ba ta kaiwa sosai.

Gwajin da ya fi nauyi shi ne wanda aka yi a jikin mutane. Misali, a shekarar 1990 an kwatanta jel mai kashi 5 cikin ɗari na man tea tree (wani tsiro dabam, ba darbejiya ko kanumfari ba) da maganin ƙuraje na benzoyl peroxide a Ostireliya, aka ga duka biyun sun rage ƙuraje. Na tsiron ya fi jinkirin aiki, amma bai cika busar da fata ba.

Saboda haka ki duba ko an rubuta adadin man da ke ciki, da ranar ƙarewar wa'adi, da lambar NAFDAC. Lambar maganin gargajiya da ta ƙare da harafin L shaida ce cewa an duba rashin illarsa, ba ingancin warkarwarsa ba. In babu adadi a rubuce, ni dai ba zan ƙara ko sisi a kansa ba. In kin saya, ki ɗan shafa a fatar hannu ki jira kwana ɗaya, domin man kanumfari yana iya ƙona fata.

Tambaya: Zan iya amfani da irin wannan jel wajen tsabtace hannu a shagona maimakon mai sinadarin alkohol?

Amsa: A'a, Alhaji. Ka nemi wanda alkohol ɗinsa ya kai aƙalla kashi 60 cikin ɗari, in kuma hannun ya yi datti a zahiri, ruwa da sabulu sun fi shi.