Fulogin babur mai hayaƙi: yadda muke yi a Zangon Kumasi

Ƙanena, ina gaisuwa, ya iyali? Ka ce ƙaramin babur ɗin daji da ka sayo wa yaronka ba ya rufa mako sai fulogi ya yi baƙi ya mutu, kuma ka ji mu mutanen Zango har yau muna riƙe da injuna masu hayaƙi. Gaskiya ne, sai dai sun ragu. Cikin gari yanzu babura ƙirar Boxer da aboboya, wato keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku, su ne suka cika titi. Masu shan fetur haɗe da mai, irin su Yamaha AG100 da DT125, suna hannun masu zuwa gona da masu bin shanu da doya ta wajen Ejura da Techiman, inda jar hanya ke cin ƙarfe.

A nan ba a zuwa sayen fulogi hannu rabbana. Tsohon za ka kunce ka tafi da shi wurin fita, wato bakanike, a Aboabo ne ko Asawase, shi kuma ya duba bakinsa kafin ya ce uffan. Idan ruwan ƙasa ne, inji lafiya lau. Idan baƙi ne busasshe, fetur ya fi iska yawa. Idan baƙi ne jiƙaƙƙe yana maiƙo, mai ne ya yi yawa. Wanda ake tsoro shi ne fari fes, don wannan inji ne mai ƙonewa da zafi. Yaron masta sai ya iya wannan karatun kafin a bar shi ya taɓa kafireta, kuma duk wanda ya ga baƙin fulogi ya ce wa mai babur ya sayi sabo kawai, zai sha faɗa a gaban kowa.

Sannan a tura yaro Suame Magazine, babbar kasuwar kayan gyaran mota da babur ta Kumasi. Yawancin masu shagunan Asante ne, ciniki da Twi ake yi, yaranmu kuwa da shi suka tashi. Kowane masta yana da shagon da ya saba da shi shekara da shekaru, ba ya canzawa don ragin sidi biyu, saboda jabun fulogin kamfanin NGK sun yi yawa, kwali da rubutu duk iri ɗaya. Sabawa ce ke sa mai shago ya shiga ciki ya ɗauko maka na gaske.

Rubutun jikin fulogi kuwa ka koye shi da kanka. Ɗauki BR8ES. B na nufin kaurin zarensa milimita 14 ne. R na nufin akwai abin da ke rage hayaniyar wuta a ciki. E tsawon zare ne, milimita 19, wanda ke da H kuma 12.7 ne. Kada ka musanya su: dogo a gurbin gajere yana iya dukan fistin. Lambar tsakiya ita ce zafi. A NGK, idan lamba ta hau fulogi ya fi sanyi, wato 9 ya fi 8 saurin zubar da zafi. A Champion da Bosch abin a juye yake, shi ya sa ba a kwatanta lambar wani kamfani da ta wani da ka.

Ga dalilin da lambar ke da muhimmanci. Bakin fulogi sai ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya riƙa ƙone dattin da ke taruwa a kansa. Idan ya zarce 800 kuma sai ya kunna fetur tun lokaci bai yi ba, har ya huda fistin. Na san a wurare da dama da fulogi ya yi baƙi sai a sauko da lamba a sa mai zafi, a ce an warke. Mu dattawan fitocinmu ba sa yarda. Lambar da kamfanin babur ya rubuta ita ake sawa, a bi sauran abubuwa tukuna. Saukowa mataki ɗaya sai ga yaro mai koyo da ke yawo a hankali cikin unguwa, shi ma ranar da za a hau doguwar hanya a mayar da na asali.

Zargina na farko a babur ɗinka mai ne. Yamaha tun 1964 take sa famfon da ke zuba man 2T, wato man inji mai hayaƙi, da kansa. Mutane da yawa ba su yarda da famfon ba, sai su ƙara mai a tanki alhali yana aiki, kashi biyu ke nan. Zaɓi ɗaya. Idan an cire famfo, a auna da sirinji: mililita 25 a lita ɗaya shi ne 40 da 1, mililita 20 kuma 50 da 1. Awon murfin galan ba awo ba ne. Nemi man da aka rubuta JASO FC ko FD a jikinsa, bakin man mota kuwa kada ya kusanci tankin. Mu nan muna da wata jarrabawar da ba ku da ita a Kano: shuɗin fetur ɗin da gwamnati ke sayar wa masunta da rangwame, wanda ya zo a haɗe da mai. An yi shi ne don injin kwalekwale da ruwa ke sanyayawa. Mai mutunci ba ya saye, hakkin masunta ne, kuma babur ma ba ya jin daɗinsa.

Sai iska. Kumasi garin ruwa ne, damina biyu muke yi, iska mai ɗumi da laima kuma tana sa fetur ya rinjayi iska a kafireta. Ku matsalarku ƙurar hunturu ce, ta toshe soson iska, sakamakon dai ɗaya. A wanke soson, ya bushe, a shafa mai kaɗan a matse. Idan baƙin bai tafi ba, a duba allurar kafireta: ɗaga ƙugiyarta gurbi ɗaya sama yana saukar da allurar, fetur ya ragu. Gurbi ɗaya kawai, a hau a gwada, a sake kunce fulogi a gani. Saitin da fitanmu ya yi a watan Yuni ba zai yi maka daidai a Janairun Kano ba, don haka ba zan aiko maka da lambar jet, wato ramin da fetur ke bi a kafireta, ba.

Ka kuma zauna ka kalli yadda yaron ke hawa. Idan yana barin cok a ja, ko ya bar inji yana silo a ƙofar gida yana hira, ko yana jan babbar giya a hankali, ko wane fulogi ka sa zai mutu. Wannan inji yana son a buɗe masa totur lokaci-lokaci ya ƙone abin da ya tara. Idan duk an gyara amma hayaƙi ya ƙi raguwa, ga man giya yana sauka ba ɗigo a ƙasa, to robar da ke gefen kuloci ce ta mutu, inji na zuƙar man giya. Wannan sai bakanike ya buɗe.

Ratar bakin fulogi a irin waɗannan injuna yawanci milimita 0.6 zuwa 0.8 ce, a bi abin da littafin babur ya ce. A fara ɗaurawa da hannu kafin sifana, don kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. Sannan ka ɗaure masa sabon fulogi ɗaya da sifanarsa a ƙarƙashin kujera, mu nan ba a barin yaro ya fita jar hanya babu su. Ka gaida Hajiya da yara.