Amsar Baffa kan dokar mutunci a West Point

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce ka ji a makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point ɗalibai ne ke yi wa junansu shari'a, har ma dole mutum ya tona abokinsa in ya gan shi yana satar amsa. Kana tambaya ko wannan ba cin amana ba ne.

Haka abin yake. Dokar jimla ɗaya ce: ɗalibi ba ya ƙarya, ba ya maguɗi, ba ya sata, kuma ba ya kau da kai ga mai yi. An kafa makarantar a 1802, amma da can ɗalibai ne ke hukunta juna a ɓoye, sai a 1922 Douglas MacArthur, shugabanta na lokacin, ya mai da abin kwamiti na hukuma. Gaɓar kau da kai kuwa sai a 1970 aka rubuta ta.

Ga yadda ake bi. In ka ga abin da ba ka gane ba, ba ƙara za ka fara kaiwa ba. Mutumin za ka tunkara ka ce ya yi maka bayani, don sau da yawa rashin fahimta ne. In bayanin bai gamsar ba, ka ba shi dama ya kai kansa, in ya ƙi sai ka sanar da wakilin kwamitin da ke rukuninku na ɗalibai. Ɗalibai ne za su yi bincike. In akwai hujja, a zaunar da tara daga cikinsu su saurari shaidu, kuma sai shida sun yarda kafin a ce ya aikata. Amma kora ba a hannunsu take ba, shari'ar sai ta hau teburin shugaban makaranta, wanda janar ne. Ka lura, ƙarya a wurinsu har da kwana-kwana: ka faɗi rabin gaskiya don mai tambaya ya ɗauki abin da ba shi ba.

To, batun cin amana. Mu mun taso da cewa rufin asirin ɗan'uwa mutunci ne, kuma mai tsegumi ba ya da daraja. Amma hafsa aikinsa rahoto ne. In ya ce harsashi ya isa, ko ya ce an duba masu gadi alhali bai duba ba, wasu ne za su mutu a kan maganarsa. Amanar da suke nufi ta kuratan da zai jagoranta gobe ce, ta fi ta abokin ɗaki nauyi. A nan ina tare da su.

Inda abin ke lalacewa shi ne tsananin hukunci. In kora ce kaɗai sakamako, wa zai tona abokinsa? Sai kowa ya yi gum, ɓarna ta yi ta taruwa har ta fashe gaba ɗaya. A 1951 kusan ɗalibai 90 aka sallama kan maguɗi, da yawansu 'yan ƙwallon makarantar. A 1976 fiye da 150 suka tafi kan maguɗi a aikin gida na darasin injiniyan lantarki. Kwamitin Frank Borman, ɗan sama jannatin nan, ya binciki lamarin, daga baya aka mai da da yawa daga cikinsu, aka kuma bai wa shugaba ikon sassauci. Duk da haka a 2020 an zargi 73 da maguɗi a jarrabawar lissafi ta intanet lokacin korona.

Akwai kuma wata mummunar al'ada ta dā: in ɗalibai suka ga mutum da laifi amma hukuma ta wanke shi, sai a ƙaurace masa, ba mai yi masa magana sai ta aiki, abinci ma shi kaɗai zai ci. Wani ɗalibi, James Pelosi, ya sha wannan wata 19 har ya gama a 1973, kuma a shekarar aka soke ta.

In makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna kake shirin shiga, tana da nata tsarin. Ka karanta littafin dokokinta da kyau tun makon farko.